Tuƙi Cikin Maye: Rawar da Ɗalibai za su Iya Takawa Wajen Kare Junansu

Idan aka tashi daga makaranta da rana a unguwar Ƙofar Wambai da ke birnin Bauchi, titi kan cika da ɗalibai cikin ɗan lokaci. Wasu su taka da ƙafa, wasu su tsayar da Keke Napep, wasu kuma su ɗare bayan babur ɗin wa ko maƙwabci ko aboki. Ƙofar Wambai na ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a 1809, tare da irin su Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti da Ƙofar Nassarawa da Ƙofar Jahun. An yi waɗannan ƙofofi ne domin masu tafiya a ƙasa da mahaya dawaki da jakunan fatake. A yau babura da motoci ne ke kai da komo a lungunan da ke kewaye da su.

Mafi yawan waɗannan ɗalibai ba su kai shekara 18 ba, wato shekarun da doka ta yarda a bai wa mutum lasisin tuƙi a Najeriya. Amma kusan kowannensu fasinja ne a kullum, kuma da dama daga cikin samarin sun iya babur tun kafin su gama ƙaramar sakandare. A lokacin da wani matashi zai tayar da babur alhali ya haɗiyi ƙwaya, jami'in kiyaye haɗurra ba ya wurin, uba ba ya wurin, malami ma haka. Wanda ke tsaye kusa da shi, mafi yawan lokuta, abokinsa ne. A kan wannan aka gina tsarin da ɗalibai ke faɗakar da 'yan'uwansu ɗalibai a makarantu.

Mene ne tuƙi cikin maye?

A fahimtar masana lafiya da jami'an hanya, tuƙi cikin maye shi ne mutum ya riƙe sitiyari ko kan babur alhali wani abu da ya sha, ko ya shaƙa, ko ya haɗiya ya rage masa gani, ko nutsuwa, ko saurin ɗaukar mataki. Ba sai mutum ya yi tangaɗi ba. Tun kafin maye ya bayyana a fuska ko a magana, ƙwaƙwalwa takan soma jinkiri wajen auna nisa da gudu.

Ɗan lissafi kaɗan ya isa ya nuna girman wannan jinkiri. Abin hawa da ke gudun kilomita 50 a sa'a, wanda shi ne iyakar gudun da aka ƙayyade a cikin gari, yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Idan ƙwaya ta jinkirta ƙafar direba da daƙiƙa ɗaya tak kafin ya taka birki, mota ta riga ta ƙara mita 14. Wannan tazara ta isa ta raba yaron da ya tsallaka titi lafiya da wanda aka kwasa zuwa asibiti. A babbar hanya, kamar ta Bauchi zuwa Jos ko ta Bauchi zuwa Gombe, direban da ke gudun kilomita 100 a sa'a, idan gyangyaɗi ya ɗauke shi na daƙiƙa uku, ya yi tafiyar fiye da mita 80 ba tare da kowa na sarrafa motar ba.

Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta 2007 ta haramta tuƙi cikin tasirin barasa ko ƙwayoyi, kuma ta tanadi tara ko ɗauri, ko duka biyun, ga wanda aka samu da laifin.

Girman matsalar

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗurran hanya kowace shekara a faɗin duniya. Rahoton ya nuna cewa haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29, kuma nahiyar Afirka ce ke da mafi girman adadin mace-mace idan aka kwatanta da yawan jama'a. Fiye da rabin waɗanda ke mutuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur.

A Najeriya, alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, sun nuna cewa mutum 5,081 ne suka mutu a 2023, sannan 5,421 a 2024. Waɗannan su ne haɗurran da labarinsu ya isa ga hukuma. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ninka wannan adadi sau da dama, domin haɗurra masu yawa na aukuwa a lungu da ƙauye, a yi jana'iza ba tare da an rubuta komai ba.

A rahotannin FRSC gudun wuce kima ne ke zuwa a sahun farko cikin musabbaban haɗari, maye kuwa kan zo a can ƙasa. Akwai dalilin da ya sa ba za a saki jiki da wannan jeri ba. Na'urar gwajin numfashi da jami'ai ke amfani da ita barasa kawai take ganowa. Ba ta ganin tiramadol, ba ta ganin kodin. Gano waɗannan sai an gwada fitsari ko jini ko yawu, abin da ba kasafai ake yi a bakin hanya ba. Saboda haka haɗarin da aka rubuta a matsayin gudu ko ƙwacewar abin hawa zai iya kasancewa da ƙwaya a bayansa.

Game da yawan masu shaye-shaye, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da miyagun laifuka, wanda aka fi sani da rahoton 2018, ya gano cewa kimanin 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani kayan maye, ban da barasa da taba, a shekarar da ta gabaci binciken. Daga cikinsu kimanin miliyan 10.6 tabar wiwi suka sha, miliyan 4.6 magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramadol, miliyan 2.4 kuma maganin tari.

Abubuwan da ke gusar da hankalin matuƙi

Littattafan faɗakarwa da ake rubutawa a ƙasashen Turai da Amurka sun fi mayar da hankali kan barasa. A Bauchi, inda aka soma aiki da dokokin Shari'a tun 2001, kuma al'ada ke ƙyamar mashayi, ɗalibin da aka yi wa lacca kan giya kaɗai zai ɗauka maganar ba ta shafe shi ba. Abubuwan da ya fi sani a unguwarsu su ne waɗannan:

Tiramadol. Magani ne na kashe zafin ciwo da likita ke rubutawa. Wanda aka amince a yi amfani da shi a Najeriya mai ƙarfin miligiram 50 ne da 100, amma na bayan fage yakan kai 200 ko 225. Masu aikin ƙarfi da wasu 'yan acaɓa kan sha shi don kada su ji gajiya. Yana kawo jiri da gyangyaɗi, kuma idan ya yi yawa yana haddasa jijjiga irin ta farfaɗiya, wadda ke iya kama mutum yana bisa babur.

Kodin. Yana cikin wasu magungunan tari, yana sa barci da mutuwar jiki. A watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta haramta shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin, bayan wani binciken BBC ya fallasa yadda ake safararsa.

Ƙwayoyin sa barci. Irin su baliyam da roci suna rage saurin motsi da tunani, kuma tasirinsu kan kai har washegari.

Tabar wiwi. Tana ɓata auna nisa da lokaci, tana rarraba hankali.

Abubuwan shaƙa, irin su sholisho, da haɗe-haɗen gargajiya da ake sa zaƙami a ciki. Waɗannan na rikita gani da tunani.

Ƙwayoyin hana barci. Suna sa direba ya ji kamar ya fi kowa iya tuƙi, ya yi ta kutse da wuce gona da iri, sannan barci ya rufe shi farat ɗaya idan ƙarfinsu ya sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin yin mummunan karo ga wanda ya sha nau'in amfetamin ya ninka na wanda bai sha ba kusan sau biyar.

Barasa ma tana nan, musamman a wasu tashoshin mota da wuraren shaƙatawa na bayan gari. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada barasa a jinin direba ta wuce giram 0.05 a kowace desilita, ga matasa da sababbin direbobi kuwa kada ta wuce 0.02.

Akwai kuma abubuwa biyu da ba haramun ba ne amma suna yin irin wannan illa. Na farko shi ne wasu magungunan mura da na ƙaiƙayi da ake saya a kemis, masu sa barci. Na biyu shi ne rashin barci kansa. Wani bincike da aka yi a Ostireliya aka wallafa a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi sa'a 17 ido biyu, ƙwazonsa kan ragu daidai da na wanda ke da barasa 0.05 a jininsa.

Me ya sa aka fi damuwa da matasa?

Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki ya auna abin da zai biyo baya, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Matashi kuma sabon hannu ne a tuƙi, bai tara gogewar da ke sa tsohon direba ya hango haɗari tun daga nesa ba. Idan aka ɗora ƙwaya a kan waɗannan biyu, abin ya ta'azzara.

Sai kuma tasirin idon abokai. A 2005 masana halayyar ɗan'adam na Jami'ar Temple da ke Amurka, Margo Gardner da Laurence Steinberg, sun sa mutane wani wasan tuƙi a kwamfuta, inda za su zaɓi tsayawa ko wucewa idan fitilar hanya ta nuna ruwan ɗorawa. Matasa sun fi yin kasada sosai idan sa'o'insu na kallo, manya kuwa halinsu bai canza da yawa ba. Duk wanda ya taɓa ganin wasan babur ko wasan mota a ranar ɗaurin aure, ko lokacin rakiyar amarya, ko da yammacin Sallah, ya san gaskiyar wannan ba tare da ya je ɗakin gwaji ba. Saurayin da ke ɗaga ƙafar babur ta gaba yana yi ne domin masu tafi da ihu a gefen titi. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Masu tsara faɗakarwar ɗalibai sun lura cewa wannan tasiri na abokai, kamar yadda yake ingiza yaro, haka zai iya janye shi.

Asalin tsarin

A 1981, a garin Wayland da ke jihar Masachusets ta Amurka, ɗalibai biyu na wata makarantar sakandare sun mutu a haɗurra biyu daban-daban masu nasaba da barasa, 'yan kwanaki a tsakani. Malaminsu kuma mai horar da su wasa, Robert Anastas, ya haɗa kai da wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar da aka sani da SADD, wadda ta bazu zuwa dubban makarantu. A 1997 ƙungiyar ta faɗaɗa aikinta ya haɗa da shaye-shaye da sauran halayen da ke halaka matasa. Abin da aka fi saninta da shi shi ne wata yarjejeniya tsakanin ɗa da iyaye: yaro ya yi alkawarin zai kira gida maimakon ya yi tuƙi cikin maye ko ya bi wanda ya sha, iyaye kuma su yi alkawarin za su je su ɗauko shi a kowane lokaci, a bar faɗa sai hankali ya kwanta.

A Najeriya ma akwai tubalin irin wannan aiki. An kafa FRSC a watan Fabrairun 1988 a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Aikinta ya tsaya a kan rukuni uku: jami'ai masu albashi, jami'an sa-kai na musamman, sai ƙungiyoyin kiyaye haɗurra na makarantun firamare da sakandare da na matasa masu yi wa ƙasa hidima. Birnin Bauchi ne hedkwatar shiyya ta 12 ta hukumar, wadda ta ƙunshi jihohin Bauchi da Yobe da Borno.

Ita ma Hukumar Yaƙi da Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ta daɗe tana kafa ƙungiyoyin ƙyamar shaye-shaye a makarantu. A ranar 26 ga Yunin 2021 aka ƙaddamar da gangaminta na WADA a ƙarƙashin shugabancin Birgediya Janar Mohamed Buba Marwa mai ritaya, wanda ke kai faɗakarwa makarantu da tashoshin mota da wuraren ibada. Akwai kuma manhajar Unplugged mai darussa 12, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya suka gwada a makarantun sakandare na Gwamnatin Tarayya da tallafin Tarayyar Turai.

Matsalar tuƙi cikin maye tana tsakanin waɗannan ƙungiyoyi biyu ne. Ta kiyaye haɗurra takan koyar da alamomin hanya da tsallaka titi, ta ƙyamar shaye-shaye kuma takan yi magana kan illar ƙwaya ga lafiya. Makarantar da ke da su duka biyun ba ta bukatar sabuwar ƙungiya, abin da take bukata shi ne ta haɗa su a kan wannan batu ɗaya.

Abin da bincike ya nuna

Ya kamata a faɗi gaskiya game da iyakar wannan tsari. Wani nazari da masana lafiyar al'umma suka yi a Amurka aka wallafa a 2005, wanda ya tattara binciken da aka yi kan shirye-shiryen makarantu, ya samu isasshiyar hujja cewa darussan da ake koyarwa suna rage yawan ɗaliban da ke shiga motar direban da ya sha. Amma bai samu isasshiyar hujjar cewa kafa ƙungiyar ɗalibai kaɗai yana rage tuƙi cikin maye ba. Darasi biyu ne a nan. Sanya riga mai tambari da yin maci sau ɗaya a shekara ba ya wadatarwa. Sannan wurin da faɗakarwa ta fi tasiri shi ne wajen fasinja.

Misalin da ya fi nuna yadda ake cin moriyar tasirin abokai ya fito ne daga yaƙi da shan taba. A wani gwaji mai suna ASSIST da aka yi a makarantu 59 a Ingila da Wales, aka wallafa a mujallar The Lancet a 2008, an tambayi ɗalibai 'yan shekara 12 zuwa 13 su faɗi waɗanda suke ganin girmansu kuma suke jin maganarsu a cikin sa'o'insu. Waɗanda sunayensu suka fi fitowa aka ba su horo na kwana biyu, aka bar su su riƙa hira da abokansu a wajen aji na tsawon makonni goma. Yiwuwar shan taba a waɗannan makarantu ta ragu da kimanin kashi 22 cikin 100 idan aka kwatanta da sauran.

Sirrin gwajin yana cikin zaɓen. Ɗalibai ne suka zaɓi jagororinsu, kuma a cikin waɗanda aka zaɓa har da yaran da malamai ba za su taɓa ba muƙami ba. Ɗalibin da ke zuwa na ɗaya a aji ba lallai ne a ji maganarsa a majalisar samarin unguwa ba. Kyaftin ɗin ƙwallo, ko wanda ya fi kowa iya babur, ko ɗalibar da ƙawaye ke kai wa ƙorafinsu, su ne ake saurare.

Masana rigakafin shaye-shaye sun kuma daɗe suna gargaɗin cewa tsoratarwa zalla, kamar nuna hotunan gawarwaki, takan girgiza yara na ɗan lokaci amma ba ta cika canza hali ba. Abin da ke zama shi ne dabarar da yaro ya gwada da bakinsa sau da yawa har ta zame masa jiki.

Ayyukan da ɗalibai za su iya jagoranta

Ga makarantar jeka-ka-dawo irin waɗanda ke Ƙofar Wambai da sauran unguwannin cikin ganuwa, ga wasu ayyuka da ba sa bukatar kuɗi mai yawa:

Zaɓen jagorori. A raba wa kowane aji takarda, kowa ya rubuta sunayen mutum biyu ko uku da yake jin shawararsu. A tabbatar akwai mata da maza. Malami ɗaya ya zama uban ƙungiya, aikinsa sa ido da neman izini, amma magana ta ɗalibai ce. A rubuta wa ofishin FRSC da na NDLEA na jiha a nemi su zo su ba da horo.

Taswirar hanyar makaranta. Ɗalibai su zana hanyoyin da suke bi daga gida, su nuna mahaɗar da ta fi haɗari, da lokutan da ake yawan gudu, da inda suke hawa abin hawa. A miƙa taswirar ga shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai da mai unguwa.

Gwajin saurin hannu. Ɗalibi ya riƙe rula a tsaye, ya sake ta ba zato, abokinsa ya cafke, a duba santimita nawa ta faɗi. A maimaita yayin da ake yi wa mai cafkewa tambayoyin lissafi. Bambancin da za a gani yana nuna abin da rarrabuwar hankali ke yi. Sai a auna mita 14 a filin makaranta, a ja layi, kowa ya ga abin da daƙiƙa ɗaya ke nufi.

Gajeren wasan kwaikwayo. Minti biyar a taron safe sun isa. A yi shi da Hausar da ake yi a unguwa, a kan abin da kowa ya sani: ranar biki, an ba ango aron mota, abokinsa ya sha ƙwaya yana neman makulli. A tsayar da wasan a daidai nan, a tambayi masu kallo abin da za su ce.

Muhawara da kacici-kacici tsakanin azuzuwa ko makarantu maƙwabta, a kan batutuwa kamar ko laifin fasinja ne idan ya hau babur ɗin wanda ya san ya sha.

Alkawarin gida. Ɗalibi da mahaifi ko wa su amince cewa idan yaro ya ƙi hawa abin hawa saboda halin direba, ya makara ko ya nemi a zo a ɗauke shi, ba za a yi masa faɗa ba. Yara da yawa na hawa abin da suke tsoro ne saboda sun fi tsoron makara.

Ziyarar tasha. Tare da malami da jami'in hukuma, kuma da izinin shugabannin ƙungiyar direbobi, ɗalibai su je su gaisa da direbobi su roƙe su a matsayin 'ya'ya da ƙanne. Roƙon yaro kan shiga inda umarnin jami'i ba ya shiga.

Dangane da lokaci, ya fi kyau a tsara ayyukan gab da ranakun da haɗari ke ƙaruwa: kafin hutun Sallah da na Kirsimeti, da makon da 'yan ajin ƙarshe ke gama jarrabawa. Akwai kuma ranakun duniya da za a iya jingina da su: 26 ga Yuni, ranar yaƙi da shaye-shaye, da Lahadi ta uku a watan Nuwamba, ranar tunawa da waɗanda haɗurran hanya suka rutsa da su.

Abin da fasinja zai lura da shi, da abin da zai ce

Alamomin da ya kamata ɗalibi ya sani sun haɗa da jajayen idanu ko lumsassu, magana mai nauyi ko surutu marar kan gado, warin hayaƙi ko na barasa, rawar hannu, hamma a kai a kai, da saurin fushi. Wanda ya ga haka kafin ya hau, ya bari ya jira na gaba. Idan ya riga ya hau, ya nemi a sauke shi a wuri mai jama'a, ba tare da zargi ko gardama ba.

Wahalar ita ce tarbiyyarmu ta hana yaro ya gyara wa babba, shi ya sa ake bukatar gwaji. Ɗaliba za ta iya cewa: “Malam, don Allah sauke ni nan, na iso.” Ƙane zai iya ce wa wansa: “Yaya, ka gaji, mu bar mashin ɗin nan mu hau Keke, gobe ma ɗauka.” A motar haya kuwa: “Baba direba, a yi haƙuri a rage gudu, akwai yara a motar.” Idan mutum ɗaya ya yi magana, sau da yawa sauran fasinjoji kan mara masa baya. Tsakanin aboki da aboki maganar ta fi sauƙi, kuma ta fi nauyi: “Wallahi ba zan hau ba, kai ma ba za ka tuƙa ba.”

Idan haɗari ya auku, lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122, kuma kyauta ce. Kada a bai wa wanda ya ji rauni ruwa ko abinci, kada kuma a jijjiga wuyansa ko bayansa wajen ɗauka.

Nauyin da ke kan manya

Ɗalibai ba jami'an tsaro ba ne. Bai kamata a sa su tare hanya, ko su tunkari dillalan ƙwaya, ko su zama 'yan leƙen asiri a kan abokansu ba. Ɗalibin da ya riga ya faɗa shaye-shaye yana bukatar malamin ba da shawara da likita, kuma idan ƙungiya ta zama wurin tona asiri, waɗanda aka fi son a kai gare su ne za su fara gudu.

Sauran aikin na manya ne. Uban da ya miƙa wa ɗan shekara 14 makullin babur don ya je cefane ya rushe abin da aka koya masa a makaranta. Mai kemis da ke sayar da maganin da doka ta ce sai da takardar likita yana da hannu a abin da zai faru a titi. Hular kwano, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana iya rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin 100 idan an sa ta daidai, har yanzu baƙuwa ce a kawunan mafi yawan mahaya babur a garuruwanmu. Malaman addini, a masallaci da coci, suna da abin faɗa, domin kiyaye rai da kiyaye hankali na cikin manyan abubuwan da addini ya zo ya tsare.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin rage mace-mace da raunukan hanya da rabi tsakanin 2021 da 2030. Cimma wannan buri na bukatar gyaran tituna, da aiwatar da doka, da kayan gwajin ƙwaya a hannun jami'ai, da asibitocin da ke karɓar masu rauni da gaggawa. Kason makaranta a ciki shi ne ta yaye ɗalibin da ya san abin da ƙwaya ke yi wa matuƙi, wanda ya saba furta kalmar ƙi cikin ladabi, kuma ya san cewa idan ya ƙi hawa, abokansa da iyayensa za su tsaya masa.